Bencin Da Na Kai Masa

Sayen gyaɗa a bakin hanya wahala ce tsagwaronta. Shekara bakwai ina auna wa manoma a rumfata da ke hanyar Bici, ban taɓa cika mota ni kaɗai ba. Maƙwabcina kuwa, wanda muka fara sana'ar rana ɗaya, har an fara ce masa Alhaji.

Benci ne ya kashe ni. Dogo ne, a gaban rumfata, ƙarƙashin darbejiya. Tun da hantsi 'yan dara suke cika shi, kuma mutum ba ya korar wanda ya yi masa sallama. Ina leƙen wasa, ina raba gardama, sai manomi ya zo da buhu a kan babur, ya ga taro, ya wuce rumfar gaba. Ba manomin da yake so a auna amfaninsa a idon jama'a.

Wata ranar kasuwa wani dattijo a cikinsu ya yi suɓul da baka.

"Maƙwabcin nan naka mutumin kirki ne," in ji shi. "Kullum shi yake saya mana goro, ya ce mu zo mu taya ka zama."

Na ce, "Allah ya saka masa, Baba." Tuwo ma ban iya ci ba ranar.

Washegari bayan sallar asuba na kinkimi bencin, na dire shi a ƙofar rumfarsa, na haƙa musu gurabun dara masu kyau, na ajiye goro. Sannan na ɗauki tiyata na tsaya a bakin titi, ina jiran babur na farko.