Ranar da Aka Farka Cikin Tarwaɗata

Shekarun baya, ƙungiyarmu ta manoman rani ta shirya gasar kamun kifi a wata 'yar madatsa da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda ake tara ruwa kafin a sake shi gonaki. Dokar mai sauƙi ce: fatsa kawai, ba koma ba taru, daga hantsi zuwa kiran azahar. Wanda kifinsa ya fi nauyi zai tafi da sabon injin ban-ruwa. Ni kuwa a lokacin nawa injin ya tsufa, sai na yi ta jan igiya kafin ya tashi.

Ban iya fatsa sosai ba. Abin da na sani shi ne kiwon tarwaɗa a tankin siminti a bayan gidanmu. Abokina, wanda muke haɗa iyakar gona, shi ne gwani, kowa ma shi yake ba wa nasara. Na kwaɓa abincin kifina na buhu na yi ƙoto da shi, na koma can gefe cikin ciyayi, don kada a ga yadda nake jifa.

Har rana ta take ban kama ko karfasa ba. Ina shirin naɗe zare sai gorar fatsar ta lanƙwashe. Na ja, aka ja ni. Ƙafata ta nutse a taɓo, takalmi ɗaya ya tafi, ni dai ina ta salati ina jan zaren da hannu har ya yanke min yatsa. Da ƙyar na jawo ta kan gaɓa, tarwaɗa baƙa, tsawon hannuna. Babu wanda ya ga kokawar nan.

Da aka ɗora a sikeli, tawa ta fi ta abokina. Ana cikin yi min barka sai ya ce, muryarsa a kwance:

"A dakata. Wa ya ga lokacin da ya kama?"

Ya ƙara da cewa:

"Makon jiya da bakinsa ya ce min in bai yi sa'a ba, zai ɗauko ɗaya daga tankinsa."

Na faɗa kuwa. Wasa nake, muna shan rake a bakin gona. Na buɗe baki in yi bayani, sai na ga fuskokin mutane, har da ƙanin mahaifina, ya sunkuyar da kai. A nan na gane maganar ta wuce inji.

Alƙalin gasar wani dattijo ne masunci. Ya juya kifin da ƙafa, ya ce, "Abu mai sauƙi. Kifin gida abincin buhu ne a cikinsa. A farka."

Abincin buhun ne fa ƙotona, har na watsa hannu guda a ruwa don in jawo kifi.

"Baba, da abincin buhu na yi ƙoto," na ce.

Wani daga baya ya yi dariya. "Ka ji, ya fara share hanya."

Dattijon ya wasa wuƙarsa a bakin siminti, a hankali kamar ba shi ake jira ba, ya tsuguna. Ni ina tsaye da takalmi ɗaya, jini na ɗiga daga yatsana. Ya tsaga, ya sa yatsa ya fito da abu na farko: curin abincin buhu. Aka ɗan yi guna-guni. Ya sake lalubawa, ya fito da rabin kwaɗo. Sannan ya tsaya, ya ƙara zura wuƙar, ya zaro wata tsohuwar ƙugiya da ta yi tsatsa, nama ya riga ya rufe ta.

Ya ɗaga ta kowa ya gani. "A tanki ba a fatsa. Wannan ta daɗe a ruwan nan, ta taɓa kuɓuce wa wani."

Na zauna a taɓon. Injin ma ƙanin mahaifina ne ya ɗora min a babur.

Sai bayan kusan wata guda, ina dashen tumatir, abokina ya tsallako kunyar iyaka ya karɓi rabin irin da ke hannuna ya fara dasawa. Mun yi layi biyu kafin ya ce, "Na yi maka ba daidai ba." Na ce, "Ni ma bakina ne ya ja." Har yau muna haɗa iyaka, amma na daina irin wannan wasan da kowa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, ina da gaskiya, amma ba ni da yadda zan nuna ta. Da kifin nan cikinsa ba komai sai ƙotona, da har yanzu akwai masu kallona a matsayin wanda ya yi maguɗi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Shi ya sa yanzu in na ji ana taron dangi a kan mutum, nakan yi shiru tukuna. Na san yadda tsayuwar nan take.