Garuruwan Danmak a Kan Tabarmar Kawu Isiyaka

Duk wanda ya san Kawu Isiyaka a Filinge ya san tabarmarsa. Da ya idar da La'asar zai shimfiɗa ta ƙofar gida, ya zuba hatsi tsibi-tsibi, ya zauna yana gadi. Ba na sayarwa ba ne fa! Garuruwan Danmak ne, ƙasar da ɗansa tilo, Habibu, ya tafi karatu ya yi zamansa. Babban tsibi Kofenhag, sai Orhus, sai Odansa, sai 'yan ƙanana da ko Habibun bai taɓa takawa ba. Yawan mutanen kowane gari a waya ya tatso shi daga bakin yaron, ya mayar da shi awon hatsi.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, ni ke kai masa tuwo tun rasuwar matarsa, don haka ni na fi kowa shan wannan karatu.

Wata rana ina wurin ya tambayi Habibu a waya, "Orhus ɗin nan, wace rana kasuwarsu ka ci?" Habibu ya ce ba su da ranar kasuwa, kullum kantuna a buɗe suke. Kawu ya kashe waya, ya kwashe rabin tsibin. "Garin da ba shi da ran kasuwa ƙauye na, ko mutum nawa gare shi." Sai da aka yi ta lallashi ya mayar.

Ran da kazar maƙwabciyarsa Inna Hadiza ta faɗa wa tabarmar kuwa, unguwa ta ji. Ya shiga gidanta da sanda. "Kazarki ta cinye Odansa da mutanenta duka!" Inna ta ɗebo masa hatsi cike da ƙoƙo don a zauna lafiya. Ya duba, ya mayar mata da rabi a faifai. "Haba Hadiza! So kike Odansa ta hi Orhus?"

Sau ɗaya hatsin furarsa ya ƙare, na ce sai dai mu ci gari guda. Ya daɗe yana kallon tabarmar. "Ɗebi ga Kofenhag. Can ko an rage ba su sani."

Na yi dariya, shi bai yi ba. A cikin Kofenhag akwai ƙwayar jar dawa guda, ita ce Habibu. Kullum sai ya tono ta, ya ɗora a kan tsibin da ya fi ƙanƙanta.

"Nan in ya kwana biyu bai hito ba, wani na buga mai ƙohwa," in ji shi.

Abin da yake roƙon Habibu ke nan duk kira: ya koma ƙaramin gari. Bai taɓa cewa ya dawo gida ba. Abin ya ishe ni, na ce, "Kawu, ka ce mishi shi zo mana!"

Ya sunkuyar da kai. "In na ce, ya ce a'a hwa, Rabi?"

Da damina Kawu ya rasu, duk unguwa tana gona. Ni na buga ƙofa da kwanon tuwo a hannu, ba a amsa ba. Habibu bai samu jana'iza ba, kuka kawai muka yi a waya.

Da na zo kwashe hatsin na nemi jar ƙwayar a kowane tsibi, ban gan ta ba. Sai wajen wankin kayansa na same ta a aljihun gaban rigarsa.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sauke ka inda ba a kwana cikin kewa, ya juyo da Habibu gida ko da kabarinka ne ya gani.