Itacen Wankan Jego

'Ya'yana biyu na farko ban haife su ba, in ji matan unguwarmu, ciro mini su aka yi. A Maradi ne, cikin wani ɗaki mai warin magani, likitan Nasara ya tsaga cikina sau biyu, shekara uku tsakani, ya fiddo mace, daga baya namiji. Har yau tabon yana nan daga cibiya zuwa mara, kuma in hadari ya haɗu yakan yi mini ƙaiƙayi.

A wancan zamani Dakoro ba ta daɗe da zama gari ba. Akwai gidan kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, da tutarsa, akwai ɗan ɗakin shan magani da anfirme, wato malamin asibiti, guda ɗaya, sai kasuwar dabbobi wadda ita ta tara mu duka. Maigidana dillalin shanu ne a kara. Kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, ke zuwa daga Maradi ranar kasuwa, ya kwana, ya koma da fatu da mutane zaune a kansu. In ya tafi, sai wani mako.

A haihuwar fari kwana biyu na yi ina fama, har anfirme ya je ya roƙi kumandan motarsa aka kai ni. Ta biyu kuwa da ƙafata na hau kamiyo tun naƙuda ba ta zo ba, kamar yadda aka umarce ni. Ranar da za a sallame ni likitan ya sa tafinta ya gaya mini cewa ƙashin ƙuguna matsattse ne, ɗa ba ya wucewa, kuma cikina yanzu kamar salka yake da aka yi wa faci har biyu. In na sake samun ciki, da tsayuwar wata na tara in taho, kada in jira ciwo. Ya ba ni wata takarda mai rubutun Faransanci, na kawo ta gida na sa a ƙasan kwalla.

Ba zan ce matan unguwa mugaye ne ba. Zolaya ce irin ta gidan suna, wadda kowa ke shan rabonsa. Akwai wata maƙwabciyata mai 'ya'ya bakwai, in an zauna ana labarin naƙuda sai ta dube ni ta ce, “Ke dai kin huta, kina kwana anka zaro maki ɗiya awa goro cikin huhu.” A yi dariya, ni ma in yi. Bakina ba ya mutuwa, nakan ce mata ta zo in ara mata wuƙar ta huta ita ma. Amma in wata ta durƙusa a unguwa, manyan mata su shige ɗaki, ni sai a ce in kula da wuta a waje. Uwar 'ya'ya biyu, ina hura wuta tare da 'yan mata.

Wannan duka da na iya shanye shi. Abin da ya fi ci mini rai yana bayan ɗakuna. A wurinmu in an haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya, abin nan da ke biyo jariri, ta haƙa rami a bayan ɗakin uwar ta binne ta, ta kifa kasko a kai. A nan mai jego za ta yi wankanta na kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen sabara. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ta baro tsohon gidansu a wajen Mai Yara, amma duk shekara in muka je gaisuwa sai ta zaga da ni ta nuna mini da sanda, nan mijinki yake, nan ƙanensa, nan wadda ta rasu. Ba da wata manufa take yi ba, daɗi take ji. Ni kuwa mabiyiyar nawa 'ya'yan, na tambayi ma'aikaciyar da ke share ɗakinmu a Maradi ina aka kai, ta ce an fita da ita cikin tasa, ba ta san sauran ba. Wankan ma an hana ni saboda ɗinki, da tsumma aka riƙa goge mini jiki. Itacen da maigida ya tara mini sau biyu, tuwo aka dafa da shi.

Da na samu ciki na uku, maigida bai tara itace ba. Na lura, kuma ya yi mini zafi, ko da yake na san gaskiyarsa. Abin da ya yi shi ne ya je ya yi magana da direban kamiyo a ajiye mini wuri a gaba. Shi mutum ne da ba ya kallon cikin matarsa balle ya ambace shi, sai dai ya ce “maganar tafiyar nan”.

Ni na fara tara itacen da kaina. In na je daji sai in ware ƙirare biyu masu kauri, in Buzaye suka shigo da jakuna in karɓi gungume in ba su fura. Na riƙa jera su a bayan ɗakina, na rufe da tsohuwar zana. Ban ce wa kaina na fasa tafiya ba. Itace kawai nake tarawa, haka na riƙa gaya wa zuciyata har wata biyar.

Wata rana da hantsi na zaga baya na tarar da Inna tsaye, ta ɗaga zanar tana kallo. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Na tsaya ina jiran faɗa, har na shirya amsa. Ta mayar da zanar yadda take ta wuce. Washegari na ga wani ƙaton gungumen ƙirya a kan nawa, wanda ban san inda ta samo shi ba. Na daɗe ina jin haushinta a kan gungumen nan, kuma ban yi mata adalci ba. Jikokinta take so ta ga an binne wa ɗaya cibiya a gida, kamar yadda nake so.

Wata na tara ya tsaya a farkon damina. Ranar kasuwa da yamma maigida ya tsaya a ƙofar ɗakina, yana kallon igiyar da ke hannunsa, ya tambaye ni ko in shirya kaya, kamiyo da safe zai tashi. Na ce masa da saura, wannan na takwas ne. Ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Can ya ce to, ya juya. Da safe ina tankaɗe na ji kukan kamiyon yana fita gari, na bi shi da kunne har ya ɓace. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Haka ma mako na biyu, da na uku.

Ciwon ya zo kwana biyu bayan tashin kamiyo na ukun. Ban gaya wa kowa ba, don haka ake yi, mace ba ta shelar naƙuda, kuma ni da na daɗe ina jiran in nuna na iya. Na yi daka, na ɗora tukunya, in ya murɗo in dafa turmi in jira ya wuce. Sai la'asar Inna ta ga gumin da ke fuskata, ta aika aka kira ungozoma, wata tsohuwa ƙanƙanuwa da ta yanke wa rabin unguwar cibiya. Ta shigo ta ɗaga zanena, ta ga tabon, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Ɗiyata, ni cibiya nika yankewa. Wanga aiki ya hi ƙarhina.”

Na ce, “Gwaggo, ki dai zamna. Da kaina za ni yi.”

Ta zauna. Na durƙusa a kan yashin da aka zuba mini, na rungumi turmi, a karo na farko a rayuwata. Matan da ke barina a bakin wuta suka shigo suka kewaye ni, maƙwabciyata mai bakwai ita ke riƙe mini ƙugu tana cewa in daure, haka yake. A cikin wannan azaba akwai lokacin da na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Kwana ya wuce, gari ya waye, ba labari. Aka kawo rubutu na sha, aka kawo jiƙe-jiƙe. Tabon ya riƙa yi mini zafi daban da naƙudar, kamar ana jan zaren, ban faɗa ba. Maigida ya je wurin anfirme, anfirmen ya zo ya duba ni, ya fita yana girgiza kai, ya ce babu abin da ke cikin akwatinsa da zai yi wannan aiki. Suka tafi tare neman motar kumandan, aka ce ya fita rangadi wajen Adjekoria tun shekaranjiya. Maigida ya ari doki ya bi shi.

Ɗan yana motsi duk wannan lokaci. Na san motsinsa, mai ƙarfi ne, yakan tokare ni a haƙarƙarin dama. Wajen azahar ta rana ta biyu ya yi wani juyi da ƙarfi, sau biyu ko uku, sannan ya yi tsit. Na sa hannu inda ya saba tokarewa na danna, na sake dannawa. Matan suka ce ya gaji ne, hutawa yake. Na bar su da maganarsu, ni na riga na sani.

Da hantsin rana ta uku ya fito. Yadda ya fito ba zan rubuta ba. Namiji ne, ƙato, da gashi cike da kai, kan ya yi tsawo saboda matsi. Ungozoma ta yayyafa masa ruwan sanyi, ta hura masa hanci, ta ɗauki tasa ta yi ta bugawa kusa da kunnensa. Ta daɗe tana bugawa, har Inna ta riƙe mata hannu.

Maigida ya iso da azahar cikin motar kumandan, ya yi kwana guda a kan doki kafin ya same ta. Direban bai ko kashe mota ba aka gaya masa ya koma. Aka naɗe yaron cikin ƙyalle fari, uban ya ɗauke shi a hannu biyu, maza huɗu ko biyar suka bi shi. Ba suna, ba rago. Ni ina kwance ina jin ƙarar ƙaramar fartanya a bayan ɗakina, ungozoma tana haƙa ramin mabiyiya. Na ji lokacin da ta kifa kaskon.

Cikin bai fashe ba, anfirme ya ce wannan ikon Allah ne kawai. Mata suka yi ta zuwa barka da arziki. Maƙwabciyata ta zauna a bakin gado tana hawaye, ta rasa abin da za ta ba ni, sai ta ce, “Kin dai durƙusa da kanki, ba mai sake ce maki komi.” Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na juya fuskata bango.

Mai jego mai jego ce ko ba ɗa, don haka washegari aka yaye zanar aka ɗora babbar tukunya. Inna ce ta yi mini wankan da hannunta. Ta tsoma ganyen sabara cikin tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, a ƙugu, ta kauce wa tabon. Ina durƙushe kusa da kaskon, nono yana zuba, ruwan wankan yana gangarawa yana shigewa ƙasa a gefensa. Safe da yamma. 'Ya'yana biyu sukan leƙo ta jikin darni su ga ko na gama in ba su kunun kanwa. Ni da Inna ba mu taɓa yin maganar gungumen ba, amma ranar da aka kai kansa ta ce a ajiye shi gefe, ba ya ci da kyau.

Itacen da na tara ya ƙare a kwana na ashirin da shida. Ban san yawan da wanka ke ci ba, ban taɓa yi ba. Da yamma sai ga maigida da jakuna biyu ɗauke da itace, ya sauke da kansa a bayan ɗaki, ya tsaya yana jera su ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a kan turmi. Na ce masa akwai abin da nake so in gaya masa game da lissafin watanni.

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na sani. Ina ƙidaya ma shanun mutane, in kasa ƙidaya maki? Na tara ne.”

Na ce, “To mi ya hana ka magana?”

Ya ɗauki wani itacen ya ajiye. Ya ce, “Na ga itacen. Na ji kunya in hana ki.”

Ban sake samun ciki ba. Takardar likitan tana ƙasan kwalla har gara ta cinye ta. 'Ya'yan nan biyu da aka ce ban haifa ba sun girma, sun yi aure, macen tana Tahoua, namijin yana Maradi, jikoki sun cika musu gida. Da sallah sukan zo, kuma akwai wata jikata mai yawan tambaya da ta taɓa jan zanena ta ce in nuna mata inda aka binne cibiyar ubanta, don an nuna wa ƙawarta nasu. Na kai ta bayan ɗaki. Kaskon ya daɗe da farfashewa, amma nakan share wurin, na kewaye shi da duwatsu don kada awaki su tona. Ta ce na babanta ne? Na ce a'a, na ƙanensa ne. Ta ce ai babanta ba shi da ƙane. Na ce mata ta je ta ɗauko mini tsintsiya.