Waɗanda Suka Fita Kiwo

A gidanmu na unguwar Mamobi, in an ɗauke wuta bayan magariba, Kaka takan jawo kurfoti, murhunta na gawayi, ƙofar ɗakinta ta ɗora waken ƙosai a gefe tana surfe. Ni da yayana Awudu mu zauna a bakin kwata, hayaƙi na cin idanunmu.

"Ku matso, ga ta ta zo," haka take buɗewa. "Ke mai bakin tsiwa, rufe shi."

Tatsuniyarta ta zuma ce ta fi yawa. Wai wani manomi ya ga ƙudan zuma a kogon bishiya, ya so ya maida su amyarsa. Mutum ne mai gaggawa. Da rana tsaka ya kwashe saƙar, da sarauniyar, ya tafi gida yana murna. Bai san rabinsu sun fita kiwo ba. Da yamma suka dawo da furen da suka samo, ba gida, ba kowa. Suka dunƙule a bakin kogon suna jira, har suka bushe.

Awudu ya ce, "Kaka, ba su da wayo ne? Su tambaya mana!"

"Wa za su tambaya, miji na banza?"

Awudu ya tafi Libiya yana da shekara ashirin da biyu. Sau biyu ya kira, shi ke nan. Na yi na yi da Kaka ta koma wajena a unguwar Madina, ɗaki mai fanka, ta ƙi. Na yi mata faɗa, wallahi na yi, har na ce taurin kai ne kawai. Ta ce, "In ya zo, wa zai tarar?" Shekara sha ɗaya tana wannan ɗaki mai yoyo.

Bayan ta rasu, kawunnai suka sayar da gidan. Sai ga zuma a cikin silin ɗakinta, mai sayen ya ce a fitar kafin ya karɓi makulli. Na samo wani dattijo mai kiwon zuma ɗan Bawku, Baba Salifu. Ya zo da amyar katako doguwa, an jera sanduna a samanta, 'yan layi na cewa akwatin gawa ne. Ya busa hayaƙi, ya yanko saƙar ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaure kowace a jikin sanda da zare, masu 'ya'ya a tsakiya. Ya lallaɓa sarauniyar ya sa a ciki. Ina tsaye ina kallo, ban ji komai ba. Ko kuka ban yi ba.

Na ce, "Baba, an gama? A kira mota."

"A'a, 'yata. Akwatin zai kwana nan. Akwai na waje."

Da asuba ya toshe ƙofar amyar ya tafi da ita. Da hantsi na ga wasu 'yan kaɗan sun dunƙule a bakin ramin silin. Na kira shi. Ya ce, "Kullum sai an bar wasu. Ba yadda za a yi."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan gaggawa. Ashe ko an yi haƙurin, ba kowa ake jira ya iso ba. Kafin in miƙa makulli, na ɗauki gawayi na rubuta lambar wayata a bango, da sunana, manya-manya. Sati bai cika ba aka shafe da fenti. Har yau ban canza lambar ba, ga shi Awudu bai taɓa saninta ba.