Ɗigon da Saley Ya Goge a Kuncin Alƙali

Saley ɗan Damagaram ne, magini ɗan magini. Ya zo Lyon a 2006, ya yi shekara biyu yana sauke kaya a wani sito a Vénissieux, sannan ya samu aikin wata shida a ɗakin ajiyar gidan tarihin da nake riƙe wa rajista. Aikinsa ɗaukar mutum-mutumin filasta, wani farin kwaɓi mai kama da alli: kawunan alƙalai da likitoci, da ƙananan samfurin manyan gumakan dandali, duk na wani mai sassaƙa na ƙarni na sha tara.

A watansa na biyar aka ce za a kai kan wani alƙali Paris don baje koli. Saley ya ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a fuskar. A gidansu ba a fitar da aiki gaban jama'a sai an goge shi, don haka ya jiƙa tsumma. Ko da na shigo, kuncin hagu ya yi fes.

"Saley, me ka yi?"

"Kashin ƙuda ne, Malam Bukari. Dattijo kamar wannan ya shiga Paris da datti?"

Na ce masa ɗigon fensir ne. Da su masu sara suke auna fuskar wuri-wuri, su kwafe ta a kan farin dutse. Sun fi shekara ɗari a kuncin nan.

Ya zauna a kan akwati. Saura wata guda a sabunta masa kontirar aikin, kuma da ita takardun zamansa a ƙasar suka dogara.

"In aka juya wannan kuncin ya dubi bango fa?"

"Mutanen Paris ma suna da ido."

Ya yi dariyar dole, ya miƙe. Da kansa ya hau buro, ofishin Madam shugabar ajiyar, da jiƙaƙƙen tsumman a hannu. Ta sauko, ta daɗe tana duban kuncin, ta sa na rubuta: ɗigo ashirin da uku sun goge, 14 ga Maris 2009. Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Rana ta huɗu ta ce wanda ya kawo kansa ya fi mata wanda zai ɓoye, ta sa hannu a kontirar, ta hana shiga da ruwa ɗakin.

Shi ya raka akwatin kan alƙalin a kamiyo, babbar motar kaya, har Paris. Ya yi shekara tara tare da mu. A ta uku matarsa Raliatou ta iso, suka kama gida a Bron, kusa da tashar tram.