Ruwan Rijiya a Bidon Labo

Har yau ban manta da Talatar da sufeto ya zo daga Dosso duba aikin Madam Rakiya ba. Ni ne mai riƙe da mabuɗin labo, ɗakin gwajin kimiyya, a lise ɗinmu, wato sakandare, na Gaya, karatuna bai wuce firamare ba. Ita sabuwar malamar kimiyya ce, wannan dubawar ce za ta sa a tabbatar da ita a aiki.

Darasin na san shi saboda yawan ji. Kowane atom yana da lambar ƙarfinsa na jan elektoron, sai a debe ƙaramar daga babbar. In tazarar ta yi yawa, kamar sodiyom 0,9 da kulor 3,0, ɗaya ya ƙwace, haɗin ya zama iyonik, irin na gishiri. In kaɗan ce, tarayya suke yi, kobalan ke nan, irin na sukari. Ruwan gishiri na kunna ampul, wato ƙwan lantarki, na sukari ba ya kunnawa, amma sai da tataccen ruwa.

Tataccen ruwan nan, shugaban makaranta ya sa na juye masa a batirin motarsa. Na cika bidon ɗin, wato jarkar da yake ciki, da ruwan rijiyar gidana mai zartsi, ban gaya wa Madam ba.

Madam ta yi lissafi a allo, ta ce wa ɗalibai, "Yanzu ku gani, sukari ba zai kunna ba."

Ta tsoma wayoyin ampul a ruwan sukari. Ampul ya kawo haske.

Wata ɗaliba ta ce, "Madam, sukarin Malanville ne, na tsallaken iyaka, ya fi ƙarfi!" Aji ya fashe da dariya, sufeto yana ta rubutu.

Madam ta tsoma wayoyin a ruwa zalla, ya sake kunnawa. Ta juyo. "Baba Garba, wane ruwa ne wannan?"

Shugaba yana zaune kusa da sufeto, ya zuba mini ido. Na ce, "Haba Madam, ruwa ai ruwa ne."

Kai! Da furfurata na faɗi haka. Sufeto ya rubuta cewa ba ta shirya kayan aikinta ba, aka ɗaga tabbatarwar zuwa wata shekara. Sai bayan sati na same ta na faɗi gaskiya, lokacin takarda ta riga ta tafi. Ta ce, "Baba, da ka faɗa mini da safe, ko ruwan sama sai in nemo."

Ku da kuka gaje ni, abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ya kamata a tarar a ciki. In babba ya sa kun taɓa, ku gaya wa mai darasi kafin a buga ƙararrawa. Ni na tsare fuskar shugaba, Madam ta biya da shekara guda.