Wa Zai Yanka Mana Tauren Kirsimeti

Ni dai da watan Disamba ya kama, sai dai a ɗaure ni. Tun ina yarinya haka nake, har yau da na yi aure a Zariya na tara 'ya'ya ban canza ba. Ana ba da hutu a makarantar da nake koyarwa zan kwashi yara da ledoji mu yi tasha, mu hau motar Ikara, daga can babur ya ƙarasa da mu ƙauyenmu ta wajen Kurmin Kogi. Tun daga nesa nake jiyo kiɗan tulun ƙungiyar zumuntar mata a majami'a, ana koyon waƙoƙin Kirsimeti, sai jikina ya fara rawa da kansa, mai babur yana cewa, "Anti, don Allah ki zauna daidai kar ki kayar da mu!"

Mu Hausawa ne masu bin Almasihu, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi. Mahaifina dattijo ne a ikilisiya, shi ya sa kowa ke ce masa Dattijo. Darni ɗaya ya raba gidanmu da na abokinsa, wanda muke kira Baba Malam. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Tun da na yi wayo Baba Malam ne ke yanka mana dabbar Kirsimeti, don duk wanda aka kai wa abinci a unguwa ya ci hankalinsa kwance. Ya yanka, a ba shi wuya, ya tsaya ya sha kunu ana raha. In Babbar Salla ta zo kuwa Baba, wato mahaifina, ne ke naɗe hannun riga ya yi masa fiɗar rago.

A shekarar da nake ba da labari na iso gida da murnata har kunne. Inna ta shafe ɗakuna da farar ƙasa, tsakar gida fes, ga buhun shinkafa a jingine, ga ankon zumunta an karɓo daga tela. A turke kuma ga wani jan taure, ƙato, wuyansa kamar turmi. Na yi guɗa, na ce bana za a ci nama! Ina juyawa don in leƙa in gaida Baba Malam, sai na ga 'yar kafar da ke jikin darni, wadda muke bi mu shiga gidansu, an toshe ta da sabon kara.

"Inna, wa ya yi wannan aikin?"

Ta ja ni ɗaki ta rage murya. Ashe bayan kaka, da aka saki dabbobi, tauren nan ya fasa shingen bayan gidan Baba Malam, ya cinye irin tumatir ɗin da ya yafa zai dasa a fadama, ƙarƙaf, ko ganye bai bari ba. Baba Malam ya biyo shi da sanda har ƙofar gidanmu. Baba ya ce ai an saki dabbobi, mai shuka shi ke gyara shingensa, kuma wannan shingen ko kaza ba zai tare ba. Baba Malam ya ce dabba halin gidansu take ɗauka. Shi ke nan fa. Tun ranar ko a hanya suka haɗu sai kowa ya ga wani abin kallo a sama.

Haba! Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsofaffi da furfura, a kan taure!

Ranar Lahadi muka cika majami'a, mata sun sha ɗauri, 'yan mawaƙa sai ka ce za su ɗaga kwano. Fasto ya yi wa'azi a kan shiri. Ya ce ya zagaya gari ya ga kowa ya share tsakar gida, to wa ya share cikinsa? Ya ce wanda muke jira Sarkin Salama ne, ba shinkafa zai zo dubawa ba, kuma kunya ce babba baƙo irin wannan ya sauka ya tarar maigida ba ya magana da maƙwabcinsa. Wa kuke tsammani ya fi kowa ɗaga murya da "Amin"? Baba! Yana gaba a kujerar dattawa yana gyaɗa kai. Na ciji leɓe don kar in yi magana a ɗakin sujada.

Muna dawowa na durƙusa na kai masa ruwa, na ce, "Baba, wa'azin yau ya yi daɗi ko?"

"Ƙwarai kuwa. Allah ya sa masu kunne sun ji."

"To, bana wa zai yanka mana tauren?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke, ban kai ki makaranta don ki dawo ki yi mini fasto a gida ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi ina huci. Inna kuwa, ita da nata salon. Ta fito da langunan da ake rabon abincin Kirsimeti ta wanke su tas, ta kife a rana. Babbar cikinsu, mai zanen fure, ita ce ta gidan Baba Malam tun fil azal. Wannan ba ta kife ta da sauran ba, sai ta ajiye ta a bakin ƙofar ɗakin Baba. Ya fito ya tsallake. Washegari ma ya tarar da ita a wurin, ya sake tsallakewa.

Ana cikin haka ƙanena ya iso daga Kaduna da tabarau baƙi da lasifikar waƙa, gida ya ƙara kacamewa. Da ya ji zancen sai ya yi dariya ya zaro waya. "Wannan ne matsalar? Ina da mahauci a kasuwar Makarfi, shi ma Musulmi ne. Ya hau babur ya zo ya yanka, kowa ya ci. Yanka ai yanka ne."

Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya. "Kai yaro, birni ya cinye maka hankali? Ka kawo baƙo ya yanka a gidan nan, Malam yana jin tsayuwar babur ta bayan darni? To daga ranar an gama. Ko gaisuwar mutuwa ba za ta sake haɗa su ba."

Amma Baba daga ɗaki ya ce, "Kira shi."

Ranar na je koyon waƙa, aka ba ni caki ina kaɗawa, bakina yana waƙar salama ga duniya, zuciyata tana kan darnin gidanmu. Da aka ce kowa ya yi addu'a a ransa, ban roƙi komai ba sai abu ɗaya. Na ce, Ya Yesu, ka ga dai taurin kan bawanka, ni na gaza, kai ka san ta inda za ka kama shi.

Safiyar jajibere gari ya tashi da hayaniya. Ana daka, ana jajjage, 'yan mata na kitso, ƙanena ya ƙure waƙa, an girka manyan tukwane. Ƙanen nawa ya ce mahauci ya taso, yana hanya. Baba yana zaune a kan buzu da Littafi Mai Tsarki a cinyarsa, bai buɗe ba, langar nan tana gabansa. Can sai ya kira Inna.

"Gobe akwai jibin Ubangiji a majami'a," in ji shi. "Ni zan riƙe faranti in bi layi ina miƙa wa mutane gurasa."

"Haka ne, maigida."

"Da wannan hannun da ya toshe kafa."

Sai ya miƙe, ya zura takalmi, ya nufi turke ya kwance tauren da kansa. Taure ya turje, Baba ya ja, suka fita ta zaure yana ta ɓarke baki da kuka. Na yar da muciya na bi su, zanina a hannu, Inna na bayana, matan unguwa suna leƙe ta kan katanga.

Baba Malam yana zaune a zaurensa a kan tabarma. Baba ya yi sallama, ya amsa. Suka shiga gaisuwa kamar ba abin da ya faru, an tashi lafiya, ya iyali, ya sanyi, ya fadama, kowa idonsa a ƙasa. Ni kuwa kamar in yi ihu. Da gaisuwa ta ƙare sai Baba ya miƙa masa igiya.

"Malam, ga ɓarawon tumatir ɗinka na kawo maka. Ni kuma da na tsaya masa, na fi shi laifi. Ka yafe mini. In ka ga dama ka riƙe shi a bakin shukarka, mu ci Kirsimeti da wake."

Baba Malam ya dubi taure, taure ya dube shi, har yana neman kai baki ga gefen tabarma. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana share ido da hannun riga. "Ka ga mara kunya, bai tuba ba! Dattijo, ni ma bakina ya yi tsawo ranar nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ɗaga gefen tabarmar da yake zaune a kai, ya zaro wuƙarsa. Tana ta walƙiya, bakinta har ya sirance. Ga dutsen washi a jiƙe a bayan ƙofa.

"Ka daɗe ba ka zo ba," in ji shi. "Tun ranar da na ji matanku sun fara buga tulu nake wasa ta kowace safiya. In na ji motsi a ƙofa sai in ce kai ne."

Wayyo, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, hawaye na zuba! Inna ta koma da gudu tana fizge karan da aka toshe kafa da shi, tana ƙwala wa ƙanena kira ya ce wa mahaucinsa ya juya. Ta wannan kafar aka shigo da taure, tsofaffin biyu suna gardamar wanda zai riƙe ƙafafu.

Da yamma ni na ɗauki langa mai fure, shaƙe da shinkafa da nama. Zan wuce Baba ya tsayar da ni, ya buɗe ya ƙara tsoka daga kwanonsa. Ya ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Mu masu Kirsimetin mun shirya shinkafa da anko. Shi kuwa tun farkon wata yake zaune yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Maza kai masa tun da zafi."